Trinity, kaboyin da ƙiwa ta hana shi hawa doki

They Call Me Trinity fim ne na kaboyi da ya fito a 1970, ya haura shekara hamsin ke nan. In ka tambaye ni ko har yanzu ya cancanci mutum ya ba shi kusan awa biyu na lokacinsa, zan ce maka e, amma kada ka zauna kana jiran ruwan harsashi. Akwai bindiga, akwai dawaki, akwai malafa da mashaya da duk tarkacen da aka san kaboyi da su, sai dai fim ɗin ya ɗauki waɗannan kaya ne ya yi musu shaƙiyanci. Sa'o'ina da muka yi zamanin silimar Kwararafa da Rex a nan Jos, da an ambaci Trinity sai su hau labarin naushi da mari. Ni abin da ya riƙe ni a wannan kallon shi ne zaman wa da ƙani. In ka cire shi, sauran fim ɗin dambe ne kawai, kuma damben shi kaɗai ba zai kai shi shekara hamsin ba.

Na same shi ne a wani shagon masu tura fina-finai a waya, can wajen Terminus. Da na faɗi sunan, yaron shagon ya dube ni ya ce, "Baba, Indiya ne ko na Koriya?" Na ce masa kaboyi ne. Ya ce, "Wallahi Baba ban taɓa jinsa ba, amma ka leƙo da yamma." Ya kuwa cika alkawari, har ya haɗo mini da na biyunsa ba tare da na tambaya ba, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Hoton garau yake, ya fi abin da muka gani a majigi nesa ba kusa ba, har ƙurar da ke wuyan jarumin kana gani. Sautin ne ke ɗan ƙasa, sai da na haɗa da sifika. Da Turanci yake, babu fassarar Hausa, babu rubutu a ƙasa.

Kada rashin fassarar ya kore ka. Mintunan farko kusan babu magana a cikinsu. Doki ne ke tafe shi kaɗai cikin rana, an ɗaura masa sanduna biyu yana jan su a ƙasa, an shimfiɗa tsumma a tsakaninsu, wani mutum na kwance a kai ya rufe fuska da malafa yana sharar barci. Dokin ya ratsa rafi da shi bai motsa ba. Rigarsa ta yage har kafaɗa a waje, dauɗar jikinsa ta kai a shuka gero. Wannan shi ne jarumin. Duk wanda ya taso da kallon Clint Eastwood ya san yadda ake shigo da jarumin kaboyi: a kan sirdi, fuska a murtuke, ido a ƙanƙance. Wannan kuwa ko hawa dokin ya gagare shi, ba don ciwo ba, don ƙiwa.

Sai wurin cin wake, wanda ko mutum ya manta da komai ba zai manta da shi ba. Ya shiga wata bukkar sayar da abinci a bakin hanya, wadda har saniya ke kiwo a kan rufinta. Mai abinci ya zuba masa wake kaɗan a faranti, sai ya riƙe kaskon gaba ɗaya ya ajiye a gabansa. Ya ci da cokalin katako, ya kora, ya yi gyatsa, ya yagi burodi ya suɗe kaskon tas, wasu mafarautan masu laifi su biyu na gefe suna kallonsa baki buɗe. Kyamara ba ta yi gaggawa ba, an bar shi ya ci abinsa loma bayan loma. Shi ɗan wasan ya sha faɗin cewa da gangan ya zauna da yunwa kafin a ɗauki wurin, kuma ko bai faɗa ba ka gani a idonsa. Na kalla da yaran gida, ƙaramar cikinsu ta ce, "Kawu, shi ba a koya masa Bismilla ba ne?" Kafin a kai rabin fim ɗin uwarsu ta ɗora wake a wuta. Wannan ba sharri na yi mata ba.

A nan ne kuma aka fara nuna mana abin da ke ɓoye cikin tsumman. Ya ƙwace wani ɗan Meziko mai rauni daga hannun mafarautan nan, suka ji sunansa jikinsu ya yi sanyi, don ana yi masa laƙabi da hannun daman shaiɗan saboda saurin zarar bindiga. Ya juya baya zai tafi, suka leƙo da bindigoginsu ta taga, ya harbe su ta baya ko waiwaye bai yi ba. To ka ga akwai kisa a fim ɗin, musamman a farkonsa. Masu cewa ba a kashe kowa a Trinity, fim na biyun suke tunawa. Sai dai babu jini, babu kururuwa, kuma da tafiya ta yi tafiya bindigogin sai su koma kube, hannu ya karɓi aiki.

Ya isa wani gari ya tarar da wansa Bambino zaune a barandar ofishin sherif, wato mai riƙe da dokar garin, tauraro a ƙirji, yana karanta jarida, wasu mutum uku na tsaye a titi suna cika masa baki. Bambino ƙato ne mai gemu, shi kuma hannun hagun shaiɗan ake ce masa. Ba sherif ba ne. Ɓarawon dawaki ne da ya gudo daga kurkuku, ya haɗu da sherif na gaskiya a hanya, ya raunata shi a ƙafa, ya ɗauke tauraronsa, ya zo ya zauna a kujerarsa yana jiran yaransa biyu su iso su ci gaba da sana'a. Mutum ne mai tsari. Abin da yake nema a garin nan shi ne shiru, kada kowa ya lura da shi. Sai ga ƙaninsa ya diro.

Ku dubi fuskar Bambino lokacin da ya ɗaga kai ya ga wanda ya zo. Babu murna, babu ko mamaki. Gajiya ce zalla, ta mutumin da ya san cewa daga yau lissafinsa ya rushe. Ni ne babba a ɗakinmu, kuma na san wannan fuskar don na sha yin ta. Autanmu ya taɓa zuwa wurina daga gida da sunan kwana biyu, aka yi damina aka yi kaka yana nan. Ba ya tashi sai hantsi, ba ya riƙe sana'a, amma duk unguwa shi ake so, duk abin da ya taɓa sai ya yi kyau, ni mai fita tun asuba cikin sanyin Jos ni ne mugu mai ɗaure fuska. Haka Trinity yake. Bai taɓa wahalar neman komai ba, komai na zuwa masa. Shi ke tono rigima, yana murmushi da shuɗayen idanunsa, wan ne ke biyan kuɗin sabulu. Bambino ya kore shi ya fi a ƙirga, amma da an taɓa shi sai ka ga ƙaton ya miƙe yana huci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya rubuta fim ɗin nan ya san zaman 'yan'uwa, don bai taɓa sa su rungumi juna ko su faɗa wa juna magana mai daɗi ba, ko sau ɗaya. Da ya yi haka da ya ɓata miyar.

Abin da da yawa daga cikinmu ba mu damu mu sani ba a wancan zamani shi ne, babu Ba'amurke ko ɗaya cikin su biyun. Turawan Italiya ne. Terence Hill, mai fitowa a Trinity, sunansa na yanka Mario Girotti, an haife shi a Venice a 1939. Bud Spencer kuwa, mai fitowa a Bambino, Carlo Pedersoli ne, haifaffen Naples a 1929, ya rasu a watan Yunin 2016. Kamfanonin Italiya na lokacin suna sa 'yan wasansu ɗaukar sunayen Amurkawa don fim ya shiga kasuwa. Har daraktan, Enzo Barboni, E.B. Clucher ya rubuta a matsayin sunansa. Wannan Barboni shi ne ya riƙe kyamara a Django na 1966, wato ya san fim ɗin kisa ciki da bai kafin ya juyo ya mai da shi abin dariya. Shi ya sa shaƙiyancin ya zauna daidai: wanda ya san yadda ake ɗinka riga shi ya fi sanin inda zai farke ta. Wurin ɗaukar ma ba Amurka ba ne, tsaunukan da ke kusa da birnin Rum ne. In ka lura za ka ga kwarin da ake rigima a kansa kore shar, da fararen duwatsu a warwatse, bai yi kama da hamadar da aka saba gani a kaboyi ba.

Ƙaton nan da kake gani da tumbi, a samartakarsa gwanin ninƙaya ne. Shi ne Ba'italiye na farko da ya yi mita 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, a 1950, ya kuma wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki da ta 1956 a Melbourne. Na kawo wannan ne don yana bayyana abin da ido ke gani: duk girmansa jikinsa ba ya yi masa nauyi. Ba ya tsalle, ba ya gudu, ba ya ma kauce wa duka. A fasa masa kujera a baya, sai ya juyo a hankali ya dubi mai dukan da irin kallon da ake yi wa yaro mai ƙiriniya, ya dunƙule hannu ya sauke masa a tsakar ka kamar saukar taɓarya a turmi. Shi ke nan, an gama da wannan. Trinity kuma akasinsa ne, zillo da tsalle da wasa da abokin faɗa har sai ya gaji don kansa. Ba a wannan fim suka fara haɗuwa ba, sun yi God Forgives... I Don't! a 1967 da wasu bayansa, amma a nan ne aka gano abin da ya kamata a yi da su.

Labarin kansa ba shi da wani zurfi. Wani attajiri da ake kira Manjo Harriman yana son wani kwari mai ciyawa don dawakinsa, wasu manoma mabiya ɗarikar Kirista ta Mormon kuma sun riga shi sauka suna gina gidaje. Su a fim ɗin addininsu ya hana su ɗaukar makami ko rama duka. Manjo na aika musu 'yan barandansa, wani ɗan fashin Meziko mai suna Mezcal shi ma yana zuwa da mutanensa ya ci abincinsu, ya jera su ya bi su da mari ɗaya bayan ɗaya don nishaɗi. Ranar da layin marin ya biyo ta kan Bambino, wanda ke tsaye cikinsu, na daga cikin wuraren da na mayar baya na sake kallo. Su kuma 'yan'uwan ba don Allah suka shiga faɗan ba. Trinity ya hango 'yan mata biyu, Sarah da Judith, ya ji cewa a ɗarikar ana auren fiye da ɗaya. Bambino kuwa dawakin Manjo yake hange, waɗanda ba a yi musu lalas ba tukuna, wato duk wanda ya kora su nasa ne. Na ji daɗin wannan gaskiyar. Babu wanda ya tsaya yi mana huɗuba a kan taimakon raunana.

Mu mutanen Filato ba sai an yi mana bayanin rikicin gona da wurin kiwo ba, kuma ba zan ɓoye ba, akwai inda dariyata ta ɗan tsaya. A fim ana ajiye bindigogi gefe, a yi dambe a fili, wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, a ce wa Manjo ya tattara ya nufi Nebraska, ya kuwa tafi. Mun san ba haka abin ke ƙarewa ba. Amma ban riƙe wannan a matsayin laifin fim ɗin ba, don bai yi alkawarin faɗin gaskiyar duniya ba. Abu ɗaya dai ya gano daidai: mai haddasa fitinar shi ne wanda ya fi kowa tsabtar riga da laushin murya, yana zaune a inuwa yana tura 'ya'yan wasu. Farley Granger ne ya fito a Manjon, Ba'amurke na gaske, wanda ya yi fim biyu da darakta Alfred Hitchcock a 1948 da 1951, kuma ya iya wannan sanyin muguntar.

Kiɗan Franco Micalizzi ne, fiton da ke buɗe shi kuma na Alessandro Alessandroni, mutumin da ya yi fito a fina-finan kaboyin Sergio Leone. Mun sha faɗa a gida a kan wannan fiton, don mukan dawo daga silima da dare muna kwaikwayonsa, tsofaffi kuma ba sa son fito bayan magariba. Darakta Quentin Tarantino ya ɗauko waƙar ya rufe Django Unchained da ita a 2012, don haka matasan da suka ce ba su san Trinity ba wataƙila sun san muryarsa.

Yanzu ga inda bai gamsar da ni ba. Tsakiyarsa na da ja. Daga lokacin da aka fahimci wa ke faɗa da wa har zuwa horar da manoman, akwai zirga-zirga tsakanin gari da kwari da za a iya rage ta ba a yi asarar komai ba. A nan ne yaran suka fara taɓa waya. Damben ƙarshe ma, duk da shi ne abin da aka biya kuɗi don a gani, ya wuce inda ya kamata ya tsaya. In ka ga an jefa mutum ta sama sau ɗaya ka yi dariya, na biyar sai ka fara duba agogo. Matan biyu ba a ba su komai ba ban da murmushi, ko bambanta su da juna da ƙyar za ka yi. 'Yan Meziko kuma an mai da su ko dai mashaya ko wawaye ko 'yan fashi, irin kallon da Turawan lokacin ke yi wa wanda ba nasu ba. Su Mormon ɗin ma ba haka tarihinsu yake ba. Ɗarikar da Joseph Smith ya kafa a 1830 ta taɓa samun rundunarta mai ɗauke da makamai, auren mace fiye da ɗaya kuma cocin ya dakatar da shi a hukumance a 1890. Marubucin ya ɗauki sunan ne kawai ya ɗora wa mutanen da ya ƙirƙira. Sannan baki da murya ba sa tafiya tare, don a Italiya ta wancan lokaci ana ɗaukar hoto ne daban, a shiga situdiyo a ɗora murya daga baya. Ko a na Italiyancin ba muryoyinsu ba ne, Pino Locchi ne ya yi wa Hill magana, Glauco Onorato ya yi wa Spencer. Wanda ya saba da Indiya-Hausa wannan ba zai dame shi ba.

Ga mai niyyar kallo da iyali, wuri biyu zan ja kunne. Akwai inda 'yan matan ke wanka a rafi Trinity ya same su. Ba a nuna tsiraici ba, amma ni na tura gaba, don da 'ya'yan ƙanwata nake zaune. Akwai kuma wata barkwanci a kan mahaifiyarsu: wani ya zage ta, Trinity ya hukunta shi, Bambino ya ce ai abin da mutumin ya faɗa gaskiya ne. A wurin Bature abin dariya ne, a kunnen Bahaushe kuwa da nauyi, sa'a ɗaya da Turanci aka yi ta kuma da sauri ta wuce. Giya ma ana sha a fili, har da ita aka yi wa ɗan Mezikon nan maganin zafi lokacin cire masa harsashi, bai kuma sake dawowa hayyacinsa sosai ba har fim ya yi nisa.

Ƙarshensa ne ya biya ni bashin jan da tsakiyar ta yi, kuma wanda ba ya son a ɓata masa ya tsallake wannan sakin layi. An ci nasara, Bambino ya je kwasar dawakinsa, sai ya tarar ƙaninsa ya riga ya bayar da su kyauta ga manoman. Duk wahalar da ya sha ta tashi a banza. Ya kore shi, ya kama hanyar Kalifoniya da yaransa. Trinity ya tsaya zai zama ango mai mata biyu, sai shugaban manoman, Tobias, ya tashi addu'a yana lissafa aikin da ke gabansu: sara, noma, gini, gumi daga safe har dare. Kana ganin murmushin yana zagwanyewa daga fuskarsa. Kafin a shafa ya sulale, ya koma kan shimfiɗarsa ta bayan doki. Da sherif na gaskiya ya iso da sandar guragu yana neman wanda ya karya shi, Trinity ya nuna masa hanyar da wansa ya bi, shi ma ya bi bayansu. Bai tuba ba, bai canja hali ba, ba a kuma nemi mu yarda cewa ya canja ba. Na fi son haka da irin ƙarshen da ake shiryar da kowa a minti biyar na ƙarshe don a samu abin rubutawa a matsayin darasi.

Wurin da abokaina suka fi ambata, inda Trinity ke marin wani ɗan caca, ya zaro bindiga, ya mayar, ya sake marinsa kafin wancan ya motsa, ba a wannan yake ba. Yana cikin na biyun, Trinity Is Still My Name na 1971, tare da wurin shafa karta da cin abinci a gidan abincin masu kuɗi. Na biyun ya fi wannan kasuwa a Italiya, ya fi shi yawan abin dariya a jere, amma ya fi shi hayaniya, kuma ya ɗauka ka riga ka san su waye mutanen nan biyu. Don haka in za ka je wurin masu turi, ka ce su sa maka duka biyun, ka fara da na 1970. Ka kuma sa yaron ya buɗe maka shi a kwamfutarsa ka duba tsawonsa kafin ka bar shagon, don akwai guntayen da ke yawo waɗanda aka datse, in bai kusa awa biyu ba ba cikakke ba ne.